Neman tasa da akushi a kasuwannin Bauchi

Da aka sa ranar bikin 'yata ta fari, kayan ɗaki na zamani ba su ɗaga min hankali ba. Gado da kujeru da kuloli da tangaran duk suna nan jibge a shaguna, kuɗi kawai ake nema. Abin da ya tsaya min a rai shi ne tasa ta tagulla da baƙin akushi, irin waɗanda na buɗi ido na gani a ɗakin kakarmu a cikin gari, an jera su tun daga kan dakali har kusa da rufi. Bayan rasuwarta kayan suka watse. Wasu sun tafi a rabon gado, wasu masu yawo gida-gida suka karɓa suka ba da robobi, ragowar kuma yaran gida suka kai wa 'yan gwangwan aka ɗora a sikeli. Ko murfi bai zo hannuna ba. Shi ya sa na ƙudura cewa yarinyar nan ba za ta tare ba sai da abu ko guda ɗaya wanda maƙerin ƙasar nan ya ƙera da hannunsa, wanda kuma ya girme ta.

Na fara da dillaliyar unguwarmu, don ita ce mai shiga ɗakunan tsofaffi har ta san abin da ke ƙarƙashin gadonsu. Ba ta ɓoye min ba. Ta ce langa da kwalla da samira za ta iya kawo min ko gobe, amma tasa ta ainihi ta yi wuya, waɗanda suka rage a gidaje kuwa masu su ba sa rabuwa da su sai wata babbar larura ta taso. Ta ce in shiga kasuwa, kuma kada in tafi ni kaɗai, in nemi wanda ya ci tuwo a akushi ya raka ni. Nan take Goggo ta faɗo min, yayar mahaifina, wadda aka yi wa jere da irin kayan nan tun ba a haife ni ba.

Goggo ta yarda, amma ta gindaya sharuɗɗa. In cire zoben gwal, in sa atamfa ta zaman gida da hijabi, in riƙo tsabar kuɗi domin yawancin dattawan da za mu je wurinsu ba su yarda da tiransifa ba. Ta sa jikanta ya ciro mata maganaɗisu daga sifikar wata matacciyar rediyo, ta ɗaure shi a bakin zani tare da ɓarin lemon tsami. Sharaɗi na ƙarshe shi ne sai mun karya tukuna. A cewarta mai jin yunwa ba ya iya ciniki, ko nawa aka faɗa masa zai biya don ya samu ya tafi.

Mun sauka daga Keke a Wunti da sanyin safiya, hazon hunturu bai gama washewa ba. Wunti ɗaya ce daga cikin ƙofofin ganuwar da aka kewaye garin da ita tun zamanin Malam Yakubu, sarkin Bauchi na farko, wanda ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Yau shataletale ne da kasuwa da hayaniyar ababen hawa, kuma tun kafin masu shaguna su gama shara masu abinci sun riga sun hura wuta. Ga mai ƙosai, ga mai kunun gyaɗa da bokitinta lulluɓe da tawul, ga mai shayi yana fasa ƙwai, ga yarinya da farantin awara. Goggo ba ta waiwayi kowa ba, ta nufi wata mai masa da layi ya riga ya yi tsawo a gabanta.

Matar tana zaune kan kujera 'yar tsugunno, tandar ƙasa a gabanta bisa murhu, gurabenta sun yi baƙi ƙirin saboda shekaru da mai. Takan ɗiga man gyaɗa a kowane gurbi, ta bi da ludayin ƙullu, kafin ta cika gurbi na ƙarshe na farko ya soma tasowa yana huda ƙananan ƙofofi. Sai ta sa tsinken ƙarfe ta juya shi da motsi ɗaya, ba tare da ta duba ba, tana ba wani canji da ɗaya hannun. Na tambaye ta sirrin laushin, ta yi dariya ta ce ba wani sirri: shinkafar tuwo ake jiƙawa, a dafa kaɗan daga ciki a haɗa da ɗanyar a markaɗa, a sa yis a rufe ya kwana, da asuba a kashe tsamin da ɗan ruwan kanwa, a sa sukari da gishiri da albasa. Ta zuba mana a kwano, ta malala miyar taushe mai kabewa da alayyafo da gyaɗa, da tantaƙwashi a kai. Gefen masar ya yi ja yana ƙaras-ƙaras, cikinta fari tas. Na sha soya masa a gida a kaskon ƙarfe na zamani, amma ba ta taɓa fitowa haka ba, don tandar ƙasa tana riƙe zafi a hankali, ba ta ƙona waje ta bar ciki ɗanye.

Ina cikin ci na tsaya ina kallon tandar. Ita ma fa aikin da ne, maginan tukwane ke gina ta kamar yadda kakanninsu suka gina. Ba ta ɓace ba domin kullum akwai mai jiran masa. Tasa da akushi kuwa ranar da aka daina zuba abinci a cikinsu suka kama hanyar sikeli. A wurin na yanke cewa in Allah ya sa na samu, ba a shokes za a kulle su ba, yarinyar za ta riƙa zuba wa mijinta da baƙinta abinci a ciki.

Daga Wunti muka shiga babbar kasuwa ta cikin gari. Duk wanda ya zo Bauchi yana neman shago mai allo a rubuce "tsofaffin kaya" zai sha yawo. Kayan nan a ɓoye suke a tsakanin wasu sana'o'i: wurin masu kayan doki za ka ga tsohuwar likkafa da linzami, wurin dukawa za ka ga gafaka da tandun kwalli, wurin masu duwatsun wuya za ka ga murjani da tsakiya da munduwa. Sai da tambaya. Goggo ta tsaya wurin wani mai ludaya da faya-fayai, suka gaisa kamar sun shekara da sanin juna, ta sayi mara guda ɗaya, sannan ta tambaye shi wa ke taɓa tsohuwar tagulla. Ya haɗa mu da yaronsa, muka bi lungu muka fita lungu har wata ƙaramar rumfa ta kwano.

Dattijo ne fari fat da gemu, yana zaune kan buzu da carbi. Abin da ya baza a tabarma ba shi da yawa: dutsen guga na gawayi, fitilar ƙwai, shantali, kwaɗuna da makullansu, da wani kwanon sha cike da tsofaffin kuɗi.

"Baba, ina kwana. Ya kasuwa?"

"Kasuwa da godiya, 'yata. Hajiya, sannunku da sanyi. Bisimilla, ga benci."

Goggo ba ta ambaci tasa ba. Ta tambayi iyali, ta tambayi ƙafa, suka taɓa zancen tsadar gero, suka gano cewa ya san unguwar da aka haife ta har da mai unguwar wancan zamani. Ni kuwa na ja kwanon kuɗin ina tonawa, kuma da Baba ya ga ina so sai ya matso ya riƙa ware min. Ga anini da ɗari da kwabo masu huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida a baya, da rubutun Larabci a gaba, kuɗin da Turawan Ingila suka buga wa ƙasashen Afirka ta Yamma da suke mulka. Ga taro, ga sisi, ga sule, ga fataka. Ya ɗauko kwabo ɗaya na 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarautar Ingila a cikin shekarar da ya hau. Ya ce samari na zuwa suna zaton sun tsinci dukiya, alhali an buga su da yawa, kuma shi ba zai ruɗi kowa ba. Kuɗin Turawan nan tun 1959 aka soma maye gurbinsu da na Nijeriya, lissafin fam da sule kuwa ya daina aiki ne bayan shigowar naira da kwabo ranar 1 ga Janairun 1973, lokacin da fam ɗaya ta koma naira 2, sule ya koma kwabo 10.

Daga aljihun 'yar cikinsa ya zaro wani ƙyalle, ya kwance, sai ga liyari guda biyu, wato tsohon kuɗin azurfa, ɗaya an liƙa masa kunne don a zura zare a rataya a wuya. Goggo ta karɓa ta ɗora a tafin hannu ta jinjina, ta ce uwarta tana da irinsa. Hoton jikinsa na Mariya Tariza ne, sarauniyar Ostiriya, kuma kowanne ka ɗauka 1780 za ka gani, shekarar da ta rasu, domin an ci gaba da buga shi da wannan shekarar har zamanai masu yawa bayanta. Saboda haka shekarar ba ta nuna tsufansa. Abin dubawa shi ne azurfar: nauyinsa wajen giram 28 ne, maganaɗisu ba ya kama shi, kuma in ka ɗora shi a kan yatsa ka ƙwanƙwasa da wani kuɗin zai yi ƙara mai tsawo. Na jabu ƙararsa a dakushe take, tana mutuwa nan da nan.

Sai da aka yi wannan duka Goggo ta ce, "Malam, jikata za mu aurar. Tasa muke nema, ta mutanen da."

Ya yi shiru kaɗan, ya dube ni, ya miƙe ya shiga can ƙuryar rumfar ya jawo buhu. Tasoshi huɗu ya fitar. Biyu suna ƙyalli, zanensu raɗau. Ya ce waɗannan aikin Bida ne na yanzu, Nufawa har gobe suna ƙerawa, kaya ne masu kyau, amma sababbi ne kuma a kuɗin sabo yake sayar da su. Ta uku Goggo ta kanga mata maganaɗisu, ya manne ɗaf. Baƙin ƙarfe ne aka yi wa ruwan tagulla. Baba ya gyaɗa kai ya ce shi ma a haɗe ya saye ta cikin kaya, ya tura ta gefe.

Ta huɗu ba ta da kyan gani. Ta yi duhu, kore-kore ya kwanta a cikin zanen, murfinta ya ɗan lotsa a gefe ɗaya. Ita Goggo ta ɗora a cinya. Ta kifa ta ta soma da gindi, ta ce min fuska kowa na iya gyarawa, gindi ne ba ya ƙarya. Ta kama yatsana ta bi da shi kan ƙarfen, na ji tabon guduma ƙanana-ƙanana, ba biyu da suka yi daidai. Da'irar da take zama a ƙasa ta side sumul, zanen wurin ya kusa shafewa, alamar an shekara ana ɗauka ana ajiyewa. Ta ce masu tsufar da sabon kaya sukan turara shi da hayaƙi ko su binne shi ya yi duhu, amma duhun nasu ko'ina ɗaya yake, ba su iya ƙirƙiro sidewar da hannu ke yi a bakin murfi da wurin riƙo. Maganaɗisu ya zame bai kama ba. Ta ɗaga ta sama ta leƙa ta ciki ko haske zai ɓullo ta wata huda, babu. Ta ɗalle ta da farce, ƙarar ta daɗe tana yawo a rumfar. Daga ƙarshe ta kwance lemon tsaminta ta goga a wani ɗan wuri ƙarƙashin baki, ta share da gefen mayafi, sai ga launin ƙarfen ya fito rawaya mai sirkin ja.

Na tambayi shekarunta, kuma ina da dalili. Ina koyar da tarihi a makarantar sakandare, na san dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen adana kayan tarihi ta ƙasa ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ta hannun wanda hukumar ta ba izini, kuma kayan hannu masu muhimmanci da aka yi kafin 1918 suna ciki. Baba ya ce daga ɗakin wata tsohuwa ta fito, wadda aka yi wa jere da ita gab da samun 'yancin kai a 1960, kuma sabuwa aka saya mata a lokacin. Hankalina ya kwanta.

Muna cikin haka wani saurayi da ya daɗe yana raɓe a bakin rumfar ya sunkuyo ya ce min a hankali, in ina son kayan ƙasa, kawunan yumɓu da aka tono, zai iya haɗa ni da masu su. Kafin in buɗe baki Baba ya daka masa tsawa ya ce ya bar masa rumfa. Na ji daɗin hakan har cikin raina. Irin waɗannan kawunan aka fara tsinta a 1928 a wurin haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, kuma adana irinsu na cikin dalilan buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Duk wanda aka tono a ɓoye aka sayar, an raba shi da ƙasar da za ta faɗi shekarunsa da mutanen da suka yi shi, kuma yawanci ƙetare yake ƙarewa. Sayen tasar kaka daga hannun magadanta daban, wannan daban.

Sai ciniki. Baba ya ce naira dubu 35. Goggo ta ajiye tasar a hankali, ta gyara mayafi, ta ce da rashin tayi akan bar arha, ta saya dubu 15.

"Albarka, Hajiya."

"Murfin fa a lotse yake, Malam."

"Lotsawa maƙeri zai tayar yanzu-yanzu. Ƙarfen za ki duba."

Nan ya faɗi abin da ya fi komai tsaya min a ranar. Ya ce farashin tsohuwar tagulla yanzu ba shi ke sa shi ba, sikelin 'yan gwangwan ke sa shi. Tagulla ta fi baƙin ƙarfe da goran ruwa kuɗi nesa ba kusa ba a wurinsu, kuma su ba ruwansu da zane ko shekaru, kilo suke saye. In bai ba mai kaya abin da ya ɗara na sikeli ba, can za a kai. Don haka akwai inda ba zai iya sauka ƙasa da shi ba, ko da uwarsa ce ta zo saye. Goggo ta ƙara, ya rage, ta miƙe kamar za ta tafi, ya ce ta zauna, ai ba a fushi a zancen aure. A dubu 24 ya ce ya sallama, Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Na ƙirga masa kuɗinsa, ya ɗebo anini da kwabo da sisi ya jefa cikin tasar ya ce gyara ne, a nuna wa 'ya'yan da za a haifa.

Akushi ba shi da shi. Ya ce in bar sallahu, akwai dillalin da ke zaga kasuwannin ƙauye.

Da muka fito an kusa kiran azahar. Maƙerin da Baba ya kwatanta mana ya ɗora murfin a kan uwar maƙera, ya shimfiɗa tsumma a kai, ya bi shi da 'yar gudumar katako har ya zauna daram a bakin tasar. Daura da shi akwai wurin 'yan gwangwan, na roƙi Goggo mu leƙa. Da ma ban leƙa ba da na fi samun barci a daren. Buhuna ne a tsaye, kuma a bakin ɗaya na hango gefen wani faranti mai zane an nannaɗe shi an take don ya shiga. Yaran ba su yi laifi ba, abincinsu suke nema, kuma sun karɓe mu da mutunci. Na tambaya ko akwai wanda ba a take ba, suka zazzage wani buhu, muka samu ƙaramar butar tagulla wadda hannunta kawai ya cire. A kuɗin kilo suka ba ni, da ɗan abin da na ɗora musu. Na ce don Allah in irin wannan ya shigo su ware shi gefe kwana biyu kafin su take, babbansu ya ce in dai za a zo a saya, ba matsala.

Bayan mun yi salla muka zauna wurin mai balangu, ya yanka mana mai ɗan kitse a takarda da albasa da yaji, muka kora da fura da nono wurin wata Bafillatana da ta dama mana a ƙwarya. Na sayi kilishi na kai wa surukai, don a hunturu ya fi kyau: iska a bushe take, naman da aka fere siriri yakan bushe da wuri kafin a tsoma shi a labun tunkuza da citta da kanumfari da barkono, a sake shanyawa, a gasa. Goggo ta sa aka ɓantaro mata ta ɗanɗana kafin a naɗe, ta ce a canja da na ƙasan, wancan ya kwana.

A gida ta hana ni kusantar tasar da soson ƙarfe ko man goge-goge na kanti. Tsamiya aka jiƙa, aka haɗa da toka mai laushi da aka tankaɗe, aka bi ta da tsumma a hankali, aka ɗauraye aka shanya a rana. Ta ce a bar ɗan duhun da ke cikin zanen, shi ke fito da shi. Ta kuma ja kunnen amarya cewa ba a barin abu mai tsami ya kwana a tagulla, kuma duk ranar da ta ga kore a ciki ta wanke shi tas kafin ta zuba abinci.

Ana saura kwanaki kaɗan a kai kaya yaron Baba ya yi sallama da akushi a cikin buhu. Daga itace guda aka sassaƙa shi har da murfinsa, baƙi siɗik, bakin ya side saboda hannu. Goggo ta shinshina, ta duba ko ƙwaro ya huda shi, ta cika shi da ruwa ta ajiye kan busasshen siminti, muka jira, ƙasan bai jiƙe ba. Akwai 'yar tsaga a murfin wadda wani gyartai ya ɗinke tun da daɗewa, ta ce wannan ba aibi ba ne. Aka shafe shi da man shanu. Na ba yaron kuɗin akushin da la'adar dillali da na Keke, na kuma aika wa Baba cewa ƙanwar amarya na tafe, ina neman kumbo. Ya aiko da amsa cewa in shirya kuɗi tun bazara, domin lokacin da manoma ke neman kuɗin taki ne irin kayan nan suka fi fitowa daga ƙauye, kuma 'yan gwangwan ma sun san haka.